Man Kifi da Maganin Asibiti ga Yara Masu Lalurar Ƙarancin Natsuwa: Nazari Daga Kafanchan

Gabatarwa

A hutun ƙarshen zango da ya gabata na je gida Kafanchan. Washegarin isata, ƙanwar mahaifiyata ta kira ni ɗaki, ta zuge jaka ta ciro wata farar kwalbar roba cike da kafso masu ruwan zuma, ta ce, "Ɗana, kai da kake jami'a, karanta mini wannan ka gaya mini gaskiya." Man kifi ne, irin wanda ake rubuta omega-3 a jikinsa. Wata 'yar ƙungiyarsu ta adashi ce ta sayar mata, a kan kuɗin da ya fi cefanen mako biyu, ta kuma tabbatar mata cewa idan autanta ya sha na wata uku zai natsu, har ma ta iya ajiye maganin da likita ya rubuta masa a Kaduna. Yaron shekararsa takwas, yana aji uku, kuma da wuya a yi mako malaminsa bai aiko a zo ba.

Na ce mata, "Anti, ni Hausa nake karanta, amma ki ba ni lokaci, kuma kada ki taɓa maganin likita tukuna." Abin da na tattaro bayan nan shi ne wannan maƙala. Tambayar da za ta yi ƙoƙarin amsawa guda ce: idan yaro yana shan maganin asibiti saboda wannan lalura, me man kifi zai ƙara masa, kuma ko ya cancanci kuɗin da ake zubawa a kansa?

Lalurar da Sunanta

Likitoci suna taƙaita sunan lalurar da haruffa huɗu, ADHD. A Hausa har yanzu ba a tsaya a kan suna ɗaya ba, kuma wannan aiki ne da ya rataya a wuyan irinmu 'yan sashen Hausa. Bahaushe yana da kalmomi da dama na kwatanta irin wannan yaro: mai ƙiriniya, mai rawar kai, marar ji, mai taurin kai, shashasha. In ban da ƙiriniya, duk sauran zargi ne, wato suna nuna yaron da gangan yake yi, ko kuma iyayensa sun gaza. Shi ya sa a nan na zaɓi in ce lalurar ƙarancin natsuwa da yawan ƙiriniya, domin kalmar lalura tana cire laifi daga kan yaro.

Alamominta sun kasu gida biyu. Akwai na rashin tattara hankali: yaro ya kasa bin bayani har ƙarshe, ya fara aiki ya bari, a aike shi sayen gishiri ya dawo da ashana ko ya manta da aiken gaba ɗaya, kullum fensir da littafi sun ɓace. Akwai kuma na yawan motsi da gaggawa: ba ya iya zama a benci, yana katse magana, yana amsa tambaya kafin a gama ta, yana faɗa wa titi ba tare da ya duba ba. Wani yaron yana da kashi ɗaya, wani yana da duka biyun. Yarinyar da take zaune shiru a bayan aji hankalinta yana wata duniya tana iya kasancewa da lalurar, sai dai da yake ba ta damun kowa, ba a cika lura da ita ba.

To, ai kowane yaro yana ƙiriniya, in ji mai karatu. Haka ne. Abin da ya raba shi ne ƙa'idar da likitoci suke bi: alamomin su daɗe aƙalla wata 6, su kasance sun fara kafin shekara 12, su bayyana a wuri fiye da ɗaya, misali gida da makaranta, sannan su kai ga cutar da karatun yaron ko zamansa da mutane. Yaron da yake tayar da hankalin gida amma yake lafiya lau a aji, wata matsalar ce daban.

Ba sabon abu ba ne. Tun a 1902 wani likitan yara a Landan, George Still, ya yi lacca a kan irin waɗannan yara. Wani babban nazari na 2007 da ya haɗa bincike daga sassan duniya ya ƙiyasta cewa kusan kashi 5 cikin 100 na yara suna da ita. A wannan shekarar dai Adewuya da Famuyiwa suka buga binciken da suka yi a kan 'yan firamare 1,112 a kudu maso yammacin Nijeriya, suka sami kashi 8.7. Ko da ƙaramin adadin aka ɗauka, ajin da yake da yara 60, wanda ba abin mamaki ba ne a makarantun gwamnati na Jama'a ko Zangon Kataf, zai iya ƙunsar uku. Binciken tagwaye ya nuna gado ne ya fi rinjaye a cikin sababinta. Ke nan bulala ba ta kawo ta ba, ba kuma za ta kore ta ba.

Kafin a Ce Ita Ce

A nan ne nake ganin ya kamata mutumin Kudancin Kaduna ya fi tsayawa, domin a wurinmu abubuwan da suke hana yaro natsuwa suna da yawa, kuma galibinsu ba man kifi ko maganin ADHD ne maganinsu ba.

Yaron da ya tafi makaranta da ciki wayam ba zai saurari lissafi ba. Haka wanda jininsa ya yi ƙasa: binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 68 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini, kuma an san ƙarancin sinadarin ƙarfe yana dakushe hankali. Zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa yakan bar wa yaro matsalar tattara hankali bayan ya warke. Akwai wata irin farfaɗiya da ba ta kayar da yaro, sai dai ya ƙame na 'yan daƙiƙu yana kallon wuri ɗaya, malami ya ɗauka raini ne. Akwai ciwon kunne da ya rage ji, da idon da ba ya ganin allo. Akwai gubar dalma, wadda ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, kuma ko kaɗan ta shiga jiki tana lalata natsuwa.

Abu biyu kuma sun fi shafar yankinmu. Na farko harshe. Yaron da ya tashi da Jju ko Tyap ko Hyam a gida, yake wasa da Hausa a unguwa, sai ranar farko ta makaranta a fara zuba masa Turanci, dole hankalinsa ya bar ajin, tunda ba ya gane abin da ake faɗa. Na biyu firgici. Tun rikicin Kafanchan na 1987, da na bayan zaɓen 2011, da hare-haren ƙauyuka da suka biyo baya, an sami yara da dama da suka ga abin da bai kamata su gani ba, ko suka yi watanni a sansanin gudun hijira. Irin wannan yaro ba ya barci sosai, ƙarar babur tana zaburar da shi, kuma a ido yana kama da mai ADHD.

Saboda haka tantancewa aikin ƙwararre ne. Iyaye daga wannan yanki sukan dangana da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince a mayar da babban asibitin Kafanchan, wanda ke ɗauke da sunan marigayi Gwamna Patrick Yakowa, ya zama Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Fatanmu shi ne a cikin abin da za a faɗaɗa har da sashen lafiyar ƙwaƙwalwar yara, domin kuɗin mota zuwa Kaduna da dawowa shi kansa yana hana iyaye da yawa komawa ganin likita.

Maganin Asibiti

Asalin maganin abin mamaki ne. A 1937 wani likita a Amurka, Charles Bradley, ya ba wasu yara masu matsalar hali wani magani mai zaburar da ƙwaƙwalwa, sai ya ga maimakon su ƙara birkicewa sun natsu, karatunsu ya gyaru. A 1944 aka haɗa metilfenidet a kamfanin Ciba na ƙasar Siwizalan, wanda aka fi sani da sunan kasuwa Ritalin, kuma shi ne aka fi ba yara har yau. Aikinsa shi ne ƙara yawan wasu sinadarai biyu, dofamin da noradirenalin, waɗanda jijiyoyin ƙwaƙwalwa suke aika wa juna saƙo da su, musamman a sashen goshi mai kula da tsara aiki da danne gaggawa. Kamar birki ne ya yi sanyi aka ɗaure shi. Nau'in da ya fi sauƙi yana fara aiki cikin ƙasa da awa ɗaya, ya sake bayan awa 3 zuwa 4, akwai kuma mai jan lokaci da yake kai yaro har a tashi daga makaranta. Kusan yara 7 cikin 10 suna samun sauƙi a bayyane.

Yana da nasa illolin: rage cin abinci, wahalar barci, ciwon kai ko na ciki, da ɗan ɗaga bugun zuciya. Shi ya sa likita yake auna tsawo da nauyin yaro lokaci zuwa lokaci. Ba ya warkar da lalurar, yana riƙe ta ne muddin yana jiki. Yana kuma cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa takunkumi, don haka ba a saye a kemis sai da takardar likita, kuma samunsa a garuruwa irin namu yana da wuya, ga tsada. Masana ma ba su gama muhawara a kansa ba, domin a 2019 da 2021 kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙi sa shi cikin jerin magungunan da suka zama dole, yana cewa hujjar amfaninsa na dogon lokaci ba ta gamsar ba. Ita hukumar a jagorarta ta ma'aikatan lafiya tana fara wa ne da koyar da iyaye dabarun bi da yaron, magani ya biyo baya a hannun ƙwararre.

Idan aka haɗa tsada, da wahalar samu, da tsoron da uwa take ji in ta ga ɗanta ya rage cin tuwo, ba abin mamaki ba ne mai tallan kwalba ta sami kasuwa.

Inda Man Kifi Ya Shigo

Maganar ba daga iska aka ɗauko ta ba. A tsakanin 1929 da 1930 wasu miji da mata masu bincike a Amurka, George da Mildred Burr, suka gano cewa akwai wasu sinadaran mai da jiki ba ya iya ƙera wa kansa, dole sai daga abinci. Dangi biyu ne: omega-6 da omega-3. A dangin omega-3 akwai uku da ya kamata mai karatu ya riƙe. ALA ana samunsa a tsirrai kamar waken soya. EPA da DHA kuwa a kifi mai maiƙo suke, kifin ma daga ƙananan tsirran teku yake samo su. Jiki yana iya juya ALA ya koma EPA da DHA, amma kaɗan ƙwarai yake juyawa.

Idan aka cire ruwa, fiye da rabin ƙwaƙwalwa mai ne, kuma DHA yana cikin tubalan da ake gina bangon ƙwayoyinta da su. Yana taruwa ne musamman a watanni ukun ƙarshe na ciki da shekara biyun farko na rayuwa, wato ta hanyar jinin uwa da nononta. A 1981 wasu mata biyu a Ingila, Colquhoun da Bunday, suka kawo hasashen cewa yara masu yawan ƙiriniya suna da ƙarancin waɗannan sinadarai. A 1995 masu bincike a Jami'ar Purdue ta Amurka suka auna jinin yara maza masu lalurar, suka ga lallai adadin ya yi ƙasa da na takwarorinsu. Daga nan sai aka yi lissafi mai sauƙi: in ya yi ƙaranci, a ƙara, sai lalura ta tafi.

Sai dai ganin abu biyu tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗaya. Mai yiwuwa yaron da ba ya zama ya ci abinci ne ya sa jininsa ya nuna haka. Hanyar da ake rabe zare da abawa ita ce gwaji: a raba yara gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu man kifi, a ba wasu kafson wofi mai kama da shi, kuma kada iyaye ko malamai ko likita su san wa ya sami wanne sai an gama. Dalilin ɓoyewar shi ne, uwar da ta kashe kuɗi kuma take fata, idonta zai ga sauƙi ko da babu.

Abin da Gwaje-gwaje Suka Nuna

Gwajin farko da ya dace da tambayarmu sosai shi ne na Voigt da abokan aikinsa a Amurka, a 2001. Yara 63 ne, 'yan shekara 6 zuwa 12, dukkansu suna kan maganin asibiti. Aka ƙara wa rabinsu miligiram 345 na DHA kullum har wata 4. DHA ya hauhawa a jininsu fiye da ninki biyu, amma natsuwarsu ba ta bambanta da ta waɗanda suka sha kafson wofi ba.

A 2005 aka buga wani gwaji daga Jami'ar Oxford da aka yi a yankin Durham na Ingila, a kan yara 117, wanda ya nuna ci gaba a karatu da hali bayan wata 3. Jaridu suka yi ta yayatawa, kasuwar man kifi ta buɗe. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, yaran an zaɓe su ne saboda wata lalura daban, ta rashin daidaita motsin gaɓoɓi. Shekara ɗaya bayan haka hukumar yankin ta raba wa dubban ɗaliban sakandare kafso ba tare da wani rukunin kwatanci ba, abin da ya jawo mata suka mai zafi, domin ko sakamakon jarrabawa ya hau ko ya sauka, babu yadda za a san dalili. Duk wanda ya taɓa jin shaidar "ɗan maƙwabciyata ya sha ya zo na ɗaya" ya san irin wannan hujja.

A 2011 Bloch da Qawasmi na Jami'ar Yale suka tattara gwaji 10 masu yara 699. Suka ce akwai amfani, amma ƙarami. A ma'aunin da masana suke amfani da shi, man kifi ya sami 0.31, alhali maganin asibiti yakan sami wajen 0.8 ko fiye. Sun kuma lura cewa haɗin da yake da EPA mai yawa ya fi tasiri.

Wanda masu talla suka fi so shi ne gwajin Barragán a ƙasar Meziko, da aka buga a 2017. An raba yara 90 gida uku: masu metilfenidet kaɗai, masu mai kaɗai, da masu duka biyun, har wata 12. Masu mai kaɗai su ne suka fi ƙarancin samun sauƙi. Masu haɗin biyu ba su wuce masu magani kaɗai ba a jimillar alamomi, amma sun wadatu da magani ƙasa da na sauran, illoli ma sun ragu musu. Wannan labari ne mai daɗi, ba don abu ɗaya ba: kowa ya san abin da yake sha, ba a ɓoye ba. Kuma ko a yadda yake, abin da ya nuna shi ne likita ya iya rage awo, bai nuna a ajiye magani ba.

Wani gwaji na 2019, na haɗin gwiwar masana daga Landan da Taiwan ƙarƙashin Jane Chang, ya fi ba ni sha'awa. Yara 92 suka sha giram 1.2 na EPA kullum ko kafson wofi, na mako 12. Waɗanda tun farko EPA ya yi ƙasa a jininsu sun sami ci gaba a gwajin tattara hankali. Waɗanda suke da isasshe ba su ƙaru ba, hasali ma a wani ma'auni na gaggawa sun ɗan koma baya. Wato kamar gishiri ne a miya: inda babu, ƙari yana gyarawa, inda ya ji, ƙari ɓarna ne.

Hukunci mafi nauyi ya zo daga ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace bincike. A bitarta ta 2023 ta duba gwaji 37 masu yara fiye da 2,300, ta ce akwai tabbaci mai ƙarfi cewa waɗannan sinadarai ba su canza jimillar alamomin da iyaye suke gani ba, ko da yake akwai wata hujja mai rauni da take nuna wasu yaran suna iya ɗan samun sauƙi. Hukumar NICE mai tsara wa likitocin Ingila ƙa'ida kuwa, a jagorarta ta 2018, cewa ta yi kada a ba da su a matsayin maganin ADHD.

A nawa fahimtar, duk wannan yana nufin amfanin man kifi a kan magani ƙarami ne in ma akwai, yana ɗaukar watanni kafin a gani, kuma wanda ya fi yiwuwa ya amfana shi ne yaron da abincinsa ba shi da waɗannan sinadarai tun asali. Wannan gaɓa ta ƙarshe ita ce ta dawo da mu gida.

Kwalba ko Tukunya

Me yaron Kafanchan yake ci? Tuwon masara ko na dawa, acca, doya, gwate, da miyar da aka yi da manja ko man gyaɗa, wani lokaci da agushi ko riɗi, ga atili in lokacinsa ya yi. Abinci ne mai kyau, amma man gyaɗa da riɗi da agushi omega-6 ne ya cika su, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake da EPA ko DHA. Awara da sauran abincin waken soya suna ba da ALA, wanda muka ce jiki kaɗan yake juyawa. Akwai alamar cewa giɓin gaske ne a ƙasar nan: wani bincike na 1999 da ya auna nonon matan Fulani 18 a arewacin Nijeriya ya tarar DHA ɗinsa ya yi ƙasa idan aka kwatanta da na matan wasu ƙasashe. Ƙaramin bincike ne, amma ya dace da abin da hankali zai ba mutum game da jama'ar da suke nesa da teku.

Maganin wannan giɓi yana nan a kasuwar Kafanchan, wurin masu kifin ƙanƙara. Taitus da shawa da sadin na gwangwani duk kifaye ne masu maiƙo. Giram 100 na taitus, wato yanka ɗaya madaidaici, yana ɗauke da fiye da giram 1 na EPA da DHA a haɗe. Tarwaɗa da karfasa suna da shi amma bai kai haka ba, panla kuwa kusan ba shi da mai. Masana abinci suna ba da shawarar a ci kifi sau biyu a mako, aƙalla ɗaya mai maiƙo. Kuma kifi yana zuwa da abin da kafso ba shi da shi, wato sinadarin gina jiki, da aidin, da bitamin D, ga shi duk gidan ne za su ci, har da mai ciki da mai shayarwa, waɗanda su ne ma suka fi buƙata.

Yanzu a dubi kwalba. A gaba akan rubuta 1000 da manyan lambobi, amma wannan nauyin man ne gaba ɗaya. A juya baya. Kafso na gama-gari yana ɗauke da miligiram 180 na EPA da 120 na DHA, sauran wani mai ne daban. Don a kai giram 1.2 na EPA da aka yi amfani da shi a gwajin Taiwan, sai yaro ya haɗiyi kusan kafso 7 a rana. Kwalba mai 60 ba za ta kai kwana 10 ba. Wanda yake ba da ɗaya a rana kuma, bai kai ko kusa da awon da aka gwada ba.

Kada kuma a ce bari a cike da man hantar kifi, irin su Seven Seas da iyayenmu suka ɗura mana muna yara. Shi wannan yana da bitamin A mai yawa, wanda yake taruwa a hanta, kuma ninka awonsa guba ne. Man kifi na sosai ba shi da haɗari mai yawa, illarsa ba ta wuce gyatsa mai ƙarni, tashin zuciya ko sakin ciki ba, amma yaron da jikinsa ba ya karɓar kifi, ko mai matsalar zubar jini, sai an tambayi likita. Zafi da haske suna lalata shi, kwalbar da ta yi watanni a shagon da rufin kwano yake gasawa tana iya yin ɗoyi, don haka a fasa kafso ɗaya a sansana. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, tare da sanin cewa lambar tana nuna an yi wa kayan rajista ne, ba shaida ba ce cewa yana maganin ADHD.

Akwai kuma abubuwan da ba a saye da kuɗi, waɗanda hujjarsu ta fi ta man kifi ƙarfi. A zaunar da yaron a bencin gaba, nesa da taga. A ba shi umarni ɗaya a lokaci ɗaya, a sa ya maimaita. A yanka masa aiki gunduwa-gunduwa, a bar shi ya miƙe ya goge allo ko ya raba littattafai a tsakani. A yaba masa nan take in ya yi daidai, domin irin wannan yaro ya saba da jin sunansa a bakin faɗa kawai. A tsayar masa da lokacin barci. Da yake maganin yana rage ci da rana, a cika masa ciki da safe kafin ya sha, a ajiye masa abinci mai nauyi da yamma in ya sake shi. Waɗannan darussa ne da ya kamata ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya su fita da su kafin su shiga aji.

Da na koma wurin Anti, muka juya kwalbar tare. Miligiram 180 da 120 ne, daidai yadda na zata. Na karanta mata lissafin, ta yi shiru, sannan ta ce, "Wato kifi na saya a kwalba." Na roƙe ta abu ɗaya, ta tafi da kwalbar ranar ganin likita ta nuna masa, kada ta rage ko ta tsayar da komai da kanta. Likitan ya ce tunda an riga an saya yaron ya ƙarasa ta, ba sai an sake ba, ya auna nauyinsa, ya kuma sa a duba jininsa. Aka tarar ya yi ƙasa, aka ɗora shi a kan maganin ƙarin jini na wata uku. Zubin adashin da za ta ƙara sayen kwalba da shi, yanzu ta raba shi biyu: rabi kuɗin motar Kaduna, rabi na taitus ranar Talata da Asabar.